Yadda kwamfuta ke riƙe rubutun gaɓa na mutanen Inuit da Cree

“Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Winnipeg ta ƙasar Kanada, ina kuma ɗan taɓa aiki a wani ɗakin karatu idan na tashi daga aji. An ba ni tsofaffin fayiloli na harshen Inuktitut da na Cree in gyara su a ɗora a intanet. Da na buɗe, wani ya fito lafiya lau da 'yan alwatika da ƙugiyoyinsa, wani ya fito akwati-akwati, wani kuma da haruffan boko marasa ma'ana irin wk4tg5. Akwai ma wanda ya cika da á da ƒ. Ta yaya kwamfuta take gane wannan rubutu? Na lura alama ɗaya ce ake jujjuyawa, to kwamfutar ce ke juya ta ko yaya? Sannan wanne ne ya lalace a cikin fayilolin nan?”

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarka ta haɗa abu biyu: yadda kwamfuta ke ajiye waɗannan alamomi, da dalilin da ya sa fayil huɗu suka nuna maka fuska huɗu. Amsar ta biyun tana cikin ta farkon. Amma tun kafin mu yi nisa, kada ka goge komai, kada kuma ka sake ajiye wani fayil a kan na asalinsa. Mai akwatunan nan da ya fi tayar maka da hankali, shi ne mafi lafiya a cikin ukun da ba su fito daidai ba. Wanda ya fito da haruffan boko tsaf-tsaf, shi ne zai ci maka lokaci.

Rubutun kansa tukuna

Rubutun da kake gani ya bayyana a ɗab'i ne wajen shekarar 1840 a Norway House, cikin lardin Manitoba inda kake zaune. Littattafan tarihi suna jingina shi ga wani ɗan mishan mai suna James Evans, su kuwa mutanen Cree suna da nasu labarin da suka gada, cewa ta hannun wani mutuminsu mai suna Mistanâkôwêw rubutun ya zo musu. Daga Cree ya bazu. A tsakiyar shekarun 1850 John Horden da Edwin Watkins suka daidaita shi da harshen Inuit, Edmund Peck ya yaɗa shi daga 1876, a 1885 kuma Adrien-Gabriel Morice ya tsara wani nau'insa domin harshen Carrier a yammacin ƙasar. Akwai na Ojibwe, da na Naskapi, da na Blackfoot. Riƙe wannan yawan harsunan a ranka, domin shi ne tushen rabin wahalar.

Abin da ka lura da shi na jujjuyawa daidai ne. Siffar alama ita ke nuna baƙi, inda ta fuskanta kuma shi ke nuna wasali. A Inuktitut ᐱ pi ce, ᐳ pu, ᐸ pa. Idan wasalin dogo ne sai a ɗiga ɗigo a sama, ᐸ ta koma ᐹ. Idan baƙi ne tsura a ƙarshen gaɓa sai a rubuta shi ƙarami a ɗage, kamar ᑉ. Duk wanda ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo zai gane tsarin nan take: baƙi ɗaya ne, wasali ke sauya karatunsa. Bambancin kawai, a allo ɗora wasalin ake yi a sama ko a ƙasa, a nan kuwa baƙin ne da kansa ke juyawa.

Kwamfuta lamba ta sani

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba take ajiyewa. Idan ka danna A, abin da ya shiga cikinta 65 ne. Wani fayil dabam, na zanen haruffa, wanda muke kira font, shi ke cewa idan an ga 65 a zana kaza a fuskar na'ura. Tsohon tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 kacal gare shi, daidai buƙatar Turancin Amurka. Ba ƙ ɗinmu a ciki, balle ᐃ.

Unicode ya zo ne domin a ba kowane harafi na kowane rubutu lambarsa shi kaɗai. Kundinsa na farko ya fito a 1991. Ka ɗauke shi kamar ƙaton fili da aka yanka fuloti 1,114,112, aka raba unguwa-unguwa, kowane rubutu da tasa. Ana rubuta lambar fuloti da U+ a gaba, cikin ƙidayar goma sha shida, wadda bayan 9 take ci gaba da A har zuwa F. Rubutun da kake aiki a kansa ya sami unguwarsa a kundi na 3.0, a watan Satumba na 1999, shekarar da aka kafa yankin Nunavut na mutanen Inuit a arewacin Kanada. Unguwar ta fara daga U+1400 ta ƙare a U+167F, gurbi 640 ke nan. Wani kwamiti na Kanada da ake kira CASEC ne ya yi aikin tattara alamomin a shekarun 1990. A 2009 aka ƙara wata unguwa daga U+18B0, a 2021 kuma aka ƙara ta uku daga U+11AB0.

Ga sunan harshen a rubuce: ᐃᓄᒃᑎᑐᑦ. Alama shida ce, i-nu-k-ti-tu-t, abin da ke cikin fayil kuma lamba shida ce: 1403, 14C4, 1483, 144E, 1450, 1466.

To, kwamfuta ba ta juya komai. ᐱ tana da lambarta U+1431, ᐳ U+1433, ᐸ U+1438, ᐹ mai ɗigo U+1439. A wurin kwamfuta ba su da wata dangantaka, kamar yadda b da d ba su da ita duk da cewa ɗaya madubin ɗaya ce. Wannan ya saɓa da yadda aka yi wa Larabci, inda ba'un take da lambarta U+0628, fataha kuma take da tata U+064E, na'ura ta haɗa su wurin zanawa. A ganina zaɓin da aka yi shi ne daidai. Fataha abu ce da za ka iya ɗagawa ka ajiye gefe, juyi kuwa ba shi da jikin da za a ware. Sannan ba duk jerin ne ke juyawa iri ɗaya ba. Dubi ᑭ ᑯ ᑲ, wato ki, ku, ka: nan kifewa ake yi da madubi, ba kewayawa irin ta ᐱ ba. Da an ce na'ura ce za ta riƙa juyawa, da sai kowace manhaja ta haddace dokar kowane jeri, wadda ba ta haddace ba kuma ta nuna wa mai karatu wasalin da ba shi ba. Tun zamanin haruffan dalma kowace fuska da nata ƙarfen, aka bi wannan. Haka ma aka yi wa rubutun Habasha, kowace gaɓa da lambarta. Kuɗin da aka biya shi ne yawan gurabe, fili kuwa akwai shi.

Fayilolinka ɗaya bayan ɗaya

Mai akwatuna lafiyarsa ƙalau. Lambobin suna nan daidai, font ɗin da aka zaɓa ne ba shi da zanensu, shi ya sa na'ura ta sa akwati a madadin kowanne. Zaɓi rubutun duka ka mayar da shi Euphemia ko Gadugi idan Windows kake amfani da ita, ko Euphemia UCAS a Mac. Akwai Noto Sans Canadian Aboriginal na Google kyauta, akwai kuma Pigiarniq da gwamnatin Nunavut ta sa aka zana. In kana son tabbatarwa kafin ka taɓa komai, kwafi akwati ɗaya ka liƙa a wani shafin da ke faɗin lambar harafi. Idan ya ce maka 14 da wani abu, ko 15, ko 16, shi ke nan.

Mai á da ƒ kuwa sai mun sauka ƙasa kaɗan. Lamba irin 1403 ta fi ƙarfin bayit ɗaya, wato ƙaramin ma'aunin ajiya a kwamfuta, domin bayit daga 0 zuwa 255 yake tsayawa. Saboda haka ana buƙatar dabarar shirya ta cikin bayit da yawa, wadda kuma ta mamaye intanet ita ce UTF-8, da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A cikinta harafin Turanci bayit ɗaya ne, ƙ da ɗ da ɓ bayit biyu-biyu, alamomin nan na gaɓa uku-uku. ᐃ tana zama E1 90 83. ᓄ tana zama E1 93 84. Kalmar ᐃᓄᒃᑎᑐᑦ ta cinye bayit 18, alhali da boko tara ce.

Abin da ya sami fayil ɗinka shi ne wata manhaja ta karanta waɗannan bayit ɗin ɗaya-ɗaya da tsohon tsarin Windows-1252. A can E1 á ce, 83 kuma ƒ. Da yake duk alamomin unguwar da E1 suke farawa, za ka ga á tana dawowa a kai a kai kamar dukan ganga, da wannan ma za ka gane cutar da ido. Mu ma mun san ta. Duk wanda ya taɓa ganin “Æ™asa” a maimakon ƙasa, ko “É—aya” a maimakon ɗaya a wani shafin labarai, ita ce dai. Maganin shi ne a koma da baya: a mayar da rubutun bayit da Windows-1252, a sake karanta shi da UTF-8. Idan ainihin fayil ɗin ba a taɓa shi ba, buɗe shi kawai za ka yi ka zaɓi UTF-8.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ka sani. Windows-1252 tana da gurabe biyar da ba a sa musu komai ba: 81, 8D, 8F, 90 da 9D. Wasu manhajoji idan suka ci karo da su sai su sa alamar tambaya, ko su jefar. Ga shi kuwa 90 ita ce bayit ta tsakiya a alamomi 64 na farkon unguwar, inda wasula suke. Wannan da sauƙi, domin idan ta tsakiya ce ta ɓace kusan ka san 90 ce. Amma ᑐ E1 91 90 ce, ta ƙarshe ce ke faɗuwa, idan ta faɗi kuma ɗaya daga cikin biyar ce, sai mai jin harshen ya duba kalmar ya ce ga wadda ta dace. Don haka idan ka ga alamun tambaya sun cakuɗu da á, nemi wani kwafin na asali kafin ka fara wahala da wannan.

Sai wk4tg5

Wannan kalmar da ka kawo misali da ita, ᐃᓄᒃᑎᑐᑦ ce. Idan ka duba da kyau wataƙila ka ga kNK5 ma, wato ᓄᓇᕗᑦ, Nunavut.

Kafin 1999, da shekaru masu yawa bayanta, mutanen arewacin Kanada ba su zauna jiran kowa ba. Suna da jaridu da takardun gwamnati da littattafan makaranta da za su buga. Sai suka yi dabara: a ɗauki font, a cire zanen w a sa zanen ᐃ a gurbinsa, a cire k a sa ᓄ, a cire 4 a sa ᒃ. Mai bugawa ya danna w, fuskar na'ura ta nuna ᐃ, takarda ta fito da kyau. Irin su Prosyl da Nunacom da AiPaiNunavik haka suke aiki. Amma abin da ke kwance cikin fayil 119 ne, lambar w. Ranar da fayil ya je na'urar da ba ta da wannan font, sai rigar ta faɗi, w ta fito a w ɗinta. Mai nema a intanet ba zai taɓa samun kalmar ba, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu kuma Turancin banza za ta karanto.

Ban ga laifin waɗanda suka yi haka ba ko kaɗan, don mu ma da irin wannan muka rayu. Wanda ya yi aikin buga littattafan Hausa a shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ya san font ɗin da ake danna } a sami ƙ, a danna ] a sami ɗ, a danna ~ a sami ɓ. Har yau za ka ci karo da kundayen digiri a intanet cike da “}asar Hausa” da “]alibai”. Ba don waɗannan font ba da littattafai da yawa sun fito ba ƙugiya. Sun yi aikinsu a lokacinsu, yanzu kuma ya rage a kwashe abin da aka rubuta da su a mayar da shi lambobin gaskiya.

Yadda ake yi shi ne da jadawalin musaya: w ta koma U+1403, k ta koma U+14C4, haka har ƙarshe. Sai dai jadawalin wannan font ba lallai ya zama na wancan ba, saboda haka aikin farko shi ne ka gano da wanne aka buga. A Word, ɗora alamar rubutu a kan kalmar ka duba sunan da ya fito a akwatin font, yana nan ko da na'urarka ba ta da shi. A PDF, duba bayanan fayil, akwai jerin font da aka cusa a ciki. Akwai manhajojin musaya da aka yi musamman domin Inuktitut, ɗakin karatunku zai iya tambayar ofishin harsuna na gwamnatin Nunavut wanda suke amfani da shi.

Ga inda na taɓa ƙonewa. An kawo mini wani littafin addini na Hausa, shafi ɗari uku da wani abu, da aka buga da tsohon font, ana so a sake fitar da shi. Na kwashe rubutun na zuba a fayil tsura marar ado, na ba da umarni duk ] ta koma ɗ, duk [ ta koma Ɗ. Cikin daƙiƙa aka gama, na duba shafukan farko na ga komai daidai. Sai da aka fitar da gwajin ɗab'i mai duba mana ya kira ni ya nuna mini ƙarshen wata aya, inda aka rubuta “ƊBaƙara: 255ɗ”. Marubucin ashe yana sa sunan sura da lambar aya cikin baka mai kusurwa, yana sauya font duk lokacin da zai sa bakar. Da na mayar da rubutun tsura, na shafe shaidar da ke raba bakar gaskiya da harafi mai ƙugiya. Kwana huɗu muka yi muna bin littafin layi-layi da bugun farko a hannu.

Naka ya fi wannan haɗari. A fayilolinka 4 da 5 haruffa ne a wani wuri, a wani wurin kuma lambobi ne na kwanan wata ko na kuɗi. Yawancin takardun Nunavut kuma harshe biyu ne ko uku a shafi ɗaya, Inuktitut da Turanci, wani lokaci da Faransanci. Sunan font da ke manne da kowane yanki shi kaɗai ke gaya maka wannan w ta Turanci ce, waccan kuma ᐃ ce. Saboda haka a cikin fayil mai adonsa za ka yi musayar, yanki-yanki, kana taɓa abin da ke ɗauke da tsohon font kawai.

Tagwayen da ido ba ya rabawa

Ko bayan komai ya koma Unicode, da sauran rina a kaba. Alamar ᖃ, wato qa, lamba ɗaya ce, U+1583. Amma a ido ta yi kama da ƙaramar ᕐ an bi ta da ᑲ, kuma akwai masu buga ta haka, lamba biyu. A takarda ba ka ganin bambanci. A wurin nema kuwa, wanda ya rubuta ᐃᖃᓗᐃᑦ, sunan babban birnin Nunavut, ba zai sami takardar da aka buga sunan da guda biyun ba.

A fayilolin Cree ɗigon w ne zai ba ka aiki. Cree na gabas suna sa shi kafin alama, na yamma suna sa shi bayanta, Unicode kuma ya ba kowanne lambarsa: ᐗ U+1417, ᐘ U+1418, duka wa ake karantawa. Ga kuma ɗigon shi kaɗai a U+1427, wanda wasu ke bugawa gefen ᐊ, wasu ma ɗigon tsakiya na boko suke sawa. Kalma ɗaya sai ta zo da rubutu uku a cikin fayil.

Ga boko akwai gyaran da na'ura ke yi da kanta. Idan wani ya buga é a dunƙule, wani ya buga e da alamar sama dabam, Unicode ya rubuta cewa ɗaya suke, manhaja tana iya daidaita su. Ga alamomin gaɓar nan ba a rubuta irin wannan dangantaka ba, saboda haka umarnin daidaitawa zai wuce su bai taɓa ba. Da hannu za ka tsara naka jadawalin, kuma kafin ka haɗe komai ka tambayi masu harshen. Ɗigon da ke tsakanin alama biyu na iya zama na ta hagu ko na ta dama, ya danganta da yankin da takardar ta fito. Mu ma muna fama da ɗan'uwan wannan a 'y, da Nijar ke rubutawa ƴ, mu kuma a Najeriya kowa da irin waƙafin saman da kibod ɗinsa ya ba shi.

Rubutun Cherokee na Amurka ya fi kowa wannan matsala, ko da yake ba ka tambaye shi ba. Shi ne rubutun gaɓa na ainihi, alama 85 da ba ruwan wata da wata, wanda Sequoyah ya kammala a 1821. Ya ari siffofin wasu haruffan boko ba tare da sautinsu ba, shi ya sa Ꭰ take kama da D alhali a ake karanta ta, Ꭱ kuma e ce. Lambobinsu daga U+13A0 suke farawa, sun shiga a 1999 su ma, ƙananan haruffansu kuma sai a 2015.

Abin da haɗewa ta jawo

Sunan unguwar rubutun gaɓa na Kanada a hukumance yana ɗauke da kalmar “haɗaɗɗe”, domin an zuba harsuna da yawa a wuri ɗaya. Siffar da Cree da Inuktitut da Ojibwe suka yi tarayya a kanta lamba ɗaya aka ba ta. Wannan ya rage maimaici, amma ya bar tabo. Sunayen alamomin na asali karatun Cree suka bi, saboda haka ᐅ sunanta O a kundin, alhali Inuit u suke karantawa. Ba za a gyara ba, domin Unicode ya yi alkawarin ba ya sauya suna ko lambar harafin da ya riga ya shiga. Idan kana rubuta manhajar mayar da rubutun zuwa boko, kada ka dogara da waɗannan sunaye. Haka kuma al'ummomi sun bambanta kan girman ƙananan baƙaƙen ƙarshe da inda suke tsayawa a layi, ga shi lambar ɗaya ce, don haka font ɗin da ya yi wa Nunavut kyau yana iya zama baƙo a idon mai karatun Carrier.

Akwai kuma waɗanda aka bari a baya. Mutanen Nattilik, na garuruwan Gjoa Haven da Taloyoak da Kugaaruk, suna da sautukan da babu su a yawancin karin harshen Inuit, alamominsu kuma ba su shiga a 1999 ba. Sun shekara fiye da ashirin suna rubuta harshensu a na'ura da aron alamomin da ba nasu ba. Sai da masu harshen suka haɗa kai da kamfanin zanen haruffa na Typotheque suka kai buƙata da hujjoji, aka karɓi alama 12 a kundi na 14.0 a 2021, tare da wasu huɗu na tsofaffin littattafan Cree da Ojibwe. Wannan labari yana taɓa ni, domin ajaminmu ma haka ya yi ta jira. Fa'un mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, irin na Alƙur'anin Warshu da muka tashi da shi, sai a 2016 suka sami lambobin da suka dace da yadda muke rubuta su.

Waɗannan sababbin 16 suna da wata siffa da ta shafi aikinka kai tsaye. Lambarsu ta haura FFFF, don haka bayit huɗu suke ci: U+11AB0 tana zama F0 91 AA B0. Idan rumbun bayanan ɗakin karatunku MySQL ne kuma an saita shi a kan abin da ya kira utf8, wannan bayit uku kawai yake ɗauka, sai ya ƙi rubutun ko ya yanke shi daga inda alamar take. Ka ce wa mai kula da shi ya mayar da shi utf8mb4. Font ma sai wanda aka sabunta bayan 2021.

Na'ura ta taɓa sauya rubutun nan kansa, ba ajiyarsa kawai ba. Inuktitut yana da jeri na huɗu, ᐁ ᐯ ᑌ, da ake karantawa ai, pai, tai. A shekarun 1970 aka ajiye shi domin ƙwallon haruffa na tafiretar IBM Selectric ba shi da gurbin da zai ɗauke su duka, aka koma rubuta ᐸᐃ a maimakon ᐯ. Daga baya mutanen Nunavik a arewacin Quebec suka dawo da shi. Saboda haka idan ka ga wannan jerin a wata takarda ba ka gan shi a wata ba, ba kuskure ba ne, kada ka daidaita su. Yana gaya maka inda takardar ta fito ko zamaninta.

Wurin ɗorawa

Ka ajiye kwafin asali na kowane fayil a inda ba za a taɓa shi ba, tare da tsohon font ɗinsa idan ka same shi, ka kuma fitar da PDF ko hoton yadda shafin yake da wannan font domin ya zama ma'auni. A shafin intanet a bayyana cewa UTF-8 ne, a sa alamar harshe, iu ga Inuktitut, cr ga Cree, yadda muke sa ha ga Hausa. A ɗora font tare da shafin, kada a dogara da abin da ke wayar mai karatu. Idan za ka gyara wata kalma da hannu, ka kunna kibod na harshen. Windows tana da wanda ake kira Naqittaut, inda maɓallin w har yanzu ᐃ yake bayarwa kamar da, sai dai yanzu lambar gaskiya ce ke shiga. Keyman da FirstVoices suna da na Cree da wasu harsunan.

Ni aikina lambobi ne da font, ba na jin Inuktitut ko Cree. Zan iya gaya maka cewa fayil ya fito da alamomi halattattu, amma kalma ta yi daidai ko ba ta yi ba, wannan sai mai harshe. Musayar da aka yi da jadawalin da ba nata ba tana fitar da rubutu mai kyan gani wanda ba ya nufin komai, ni da kai kuma ba za mu gane ba. Ka nemi shugabanninka su samo mai karanta harshen, su biya shi ladan aikinsa, ya gwada aƙalla shafin farko da na tsakiya da na ƙarshe na kowane fayil da hoton asali. Ka tambaye su kuma ko al'ummar da takardun suka fito daga cikinta ta yarda a ɗora su, musamman idan akwai labaran dattawa a ciki.

Kafin ka miƙa masa, yi wannan gwajin da kanka. Buɗe fayil ɗin da ka gama, kwafi layi ɗaya ka liƙa a Notepad, ka aika wa wayarka. Idan ya iso da alamominsa, lambobin sun zauna. Sannan ka nemi ᓄᓇᕗᑦ a cikin fayil ɗin, ka sake neman kNK5. Na farko ya kamata ya fito, na biyu kuma kada a samu ko ɗaya.